Nauyina ya ƙaru da kilo biyu cikin kwana uku alhali ina kan tsarin rage ƙiba

Ummu_Sadiq_Agege:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan lamari, ko ta hanyar karatu ko ta abin da ya taɓa samunsu. Likita ya tabbatar mini cewa ina da lalurar PCOS, wato rikicewar sinadaran jiki da ake kira homon wadda take dagula al'ada da fitar ƙwai, ya ɗora ni a kan maganin metfomin mai taimaka wa jiki wajen sarrafa sukari, ya kuma ce in yi ƙoƙarin rage nauyi domin al'adata ta daidaita. Tun bayan Babbar Sallah nake kiyaye abin da nake ci. Na rage tuwo da shinkafa, na daina shan lemon kwalba, na bar burodin Agege wanda a da shi ne karin kumallona, kuma da ikon Allah na sauko daga kilo 94 zuwa 88. Ranar Juma'a da safe na hau sikeli ya nuna 88, amma yau Litinin da na sake hawa sai na ga 90.3. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin kilo biyun nan sai da na shafe fiye da wata guda kafin na zubar da su. Shin homon ɗin ne ya sake rikicewa, ko kuwa maganin ne ya daina yi mini aiki? Akwai wadda irin haka ta taɓa faruwa da ita?

Nas_Idi_Araba:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, mu fara da lissafi. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci yake ba jiki), don haka kafin mutum ya tara kilo biyu na kitse sai ya ci fiye da kalori 15,000 a kan abin da jikinsa ya ƙona. Mace mai irin nauyinki tana ƙona kimanin kalori 2,000 a rana, wato ke nan sai kin ci abincin mako guda cur a kan wanda kika saba ci, duk a cikin kwana uku, kafin a ce kitse ne. Da wuya a ce hakan ta faru. Abin da ke iya hawa da sauka da irin wannan sauri ruwa ne da kuma abincin da bai gama ratsa hanji ba. Ina roƙon ki amsa mini waɗannan tambayoyi domin mu gane inda ruwan ya fito: me kika ci ranar Asabar da Lahadi, yaushe rabonki da al'ada, kina samun fitar bayan gida yadda ya kamata, kuma yaya barcinki yake a kwanakin nan?

Ummu_Sadiq_Agege:
Na gode, Anti Nas. Ranar Asabar mun je bikin 'yar maƙwabciyarmu a Mushin, na ci dafa-duka da farfesun kayan ciki, amma ban cika faranti ba. Ranar Lahadi da dare maigida ya shigo da tsire da masa, na ci masa uku da ɗan nama. Al'ada kuwa rabona da ita ya kai mako bakwai, wanda ba sabon abu ba ne a wurina, sai dai tun makon jiya nake jin ƙirjina ya yi nauyi, marata tana ɗan ɗaurewa. Barci ban samu sosai ba saboda hidimar bikin.

Dalibar_Likitanci_Lagos:
Yaya Ummu Sadiq, amsar da kika bayar ta bayyana kusan komai. Jiki yana ajiye sukarin da ya samu daga abinci mai sitaci a cikin hanta da tsoka, a siffar da ake kira gilaikojin, kuma ma'ajiyar babban mutum tana ɗaukar wajen giram 400 zuwa 500. Kowane giram ɗaya na gilaikojin yana riƙe da ruwa kimanin giram uku. Lokacin da kika rage tuwo da shinkafa, wannan ma'ajiya ta ragu tare da ruwanta, shi ya sa makonnin farko na rage ƙiba suke nuna saukar nauyi mai sauri. Da kika ci dafa-duka da masa kwana biyu a jere, ma'ajiyar ta sake cika, ruwan ma ya dawo, kuma wannan kaɗai yana iya kaiwa kilo ɗaya ko fiye.

Akwai abin da ya shafi masu PCOS musamman. Yawancinsu jikinsu ba ya amsa kiran insulin, wato homon da ke daidaita sukarin jini, yadda ya kamata, sai jikin ya riƙa fitar da insulin mai yawa bayan cin abinci mai sitaci. Insulin kuwa yana sa ƙoda ta riƙe gishiri maimakon ta fitar da shi a fitsari, kuma duk inda gishiri ya tsaya ruwa yana tsayawa tare da shi. Idan aka haɗa wannan da yajin tsire da romon farfesu, waɗanda dukkansu cike suke da gishiri da dunƙulen magi, ba abin mamaki ba ne sikeli ya nuna abin da ya nuna. Maganinki bai daina aiki ba, domin ba a auna aikin metfomin da nauyin kwana uku.

Hajiya_Mai_Atamfa:
'Yata, ni shawarata dabam ce. Ki ɗauke wannan sikeli ki sa shi a ƙarƙashin gado, ki riƙa fito da shi sau ɗaya a wata. Na daɗe ina fama da ƙiba tun bayan da al'ada ta ɗauke mini, kuma na ga yadda hawa sikeli kullum yake hana mace sukuni, ta tashi da safe cikin walwala, lamba ɗaya ta ɓata mata yini guda. A shagona da ke Balogun mata da yawa suna zuwa sayen atamfa su ce mini sun rame ko sun yi ƙiba, kuma abin da yake faɗa musu gaskiya shi ne ɗinkin da suka yi bara. Idan siket ɗin da ya matse ki a watan Sallah yanzu yana shiga ba tare da wahala ba, to kina kan hanya, ko sikeli ya yarda ko bai yarda ba.

Zee_Surulere:
Hajiya, da girmamawa, ina ganin wannan shawara ba za ta dace da kowa ba. Wadda take hawa sikeli sau ɗaya a wata tana iya dacewa da ranar da jikinta ya fi riƙe ruwa, sai ta ɗauka cewa wahalar wata guda ta tashi a banza, ta karaya ta koma cin abin da ta bari. Ni ma ina da PCOS, kuma abin da ya ba ni natsuwa shi ne aunawa kowace safiya bayan na fito daga banɗaki, kafin in ci ko in sha komai, in rubuta a littafi, ranar Lahadi in haɗa lambobin mako in raba su bakwai. Wannan sakamakon nake kwatantawa da na makon da ya wuce, lambar rana ɗaya ba na ba ta muhimmanci. Da na yi haka na wasu watanni sai na ga da idona cewa nauyina yana yawo tsakanin kilo ɗaya zuwa biyu a kowane mako, amma matsakaicin yana sauka a hankali. Tsoron ya fita daga raina ne saboda na saba ganin hawan da saukar.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Zee, na ji bayaninki kuma yana da ma'ana ga wadda zuciyarta za ta iya ɗauka. Amma ki duba yadda Ummu Sadiq ta rubuto mana cikin tashin hankali. Na san yarinyar da aunawa kullum ta kai ta ga ƙin cin abinci har ta riƙa jiri a wurin aiki. Kowa ya san halin zuciyarsa.

Bintu_Obalende:
Ina so in ƙara wani abu da ba a ambata ba tukuna. Ummu Sadiq, an taɓa yi miki gwajin tayirod, wato ƙwayar nan da ke gaban maƙogwaro? Ina tambaya ne domin tawa lalurar ke nan, tayirod ɗina ba ta fitar da homon isasshe, kuma alamominta suna kama da na PCOS ta fuskar rikicewar al'ada da ƙaruwar nauyi, har ma akwai matan da suke da duka biyun. Kafin a gano tawa, fuskata takan kumbura da safe, ina jin sanyi ko da ana zafin Legas, ga kasala, ga taurin bayan gida na kwanaki, wanda shi ma yana ƙara wa sikeli nauyi. Likitan da yake duba ni ya bayyana mini cewa nauyin da ƙarancin homon tayirod yake ƙarawa yawanci bai wuce kilo biyu zuwa biyar ba, kuma mafi yawansa gishiri ne da ruwa. Da aka daidaita mini magani wannan kumburin ya tafi, sauran ƙibar kuwa sai da na yi aiki a kanta kamar kowa.

Ga masu shan libotairoksin a cikinmu, wato maganin ƙarancin homon tayirod, a sha shi da ruwa zalla ciki babu komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin a karya, kuma a raba shi da maganin ƙarin jini ko na kalsiyam da awa huɗu. Mu da muka saba da shayi mai madara da sassafe sai mun kula, domin madara tana rage yadda jiki yake tsotsar maganin.

Ummu_Sadiq_Agege:
Anti Bintu, an yi mini gwajin TSH, wato gwajin jinin da ke nuna aikin tayirod, a lokacin da ake binciken lalurar, aka ce yana daidai. Amma hakan ya kai shekara guda da rabi. Zan tambayi likita ko akwai buƙatar a maimaita.

Malam_Mile12:
Assalamu alaikum. Ku yi mini afuwa da shigowa maganar mata, iyalina tana da irin lalurar da Malama Bintu ta ambata, shi ya sa nake bibiyar wannan tattaunawa. Sana'ata sayar da hatsi ce, kuma duk wanda yake wannan sana'a ya san cewa buhun masara ɗaya ba ya bayar da nauyi ɗaya a damina da lokacin hunturu, alhali ba a ƙara masa ƙwaya ko ɗaya ba, laima ce kawai ya sha. Ina ganin abin da Nas take faɗa ke nan game da jikin mutum.

Sannan a duba sikelin kansa. Na gida da ake sayarwa a kasuwa yana bayar da lamba dabam idan aka ɗora shi a kan kafet ko ledar ɗaki mai laushi, ko a kan tayil ɗin da bai daidaita ba, haka nan idan batirinsa ya yi sanyi. A ajiye shi wuri ɗaya mai tauri, kada a riƙa ɗaga shi daga ɗaki zuwa ɗaki, kuma kada a kwatanta lambarsa da ta sikelin asibiti ko na masu aunawa a bakin titi, domin kowanne da saitinsa.

Amarya_2020:
Yaya Ummu Sadiq, akwai wani shayin rage tumbi da nake saya a wurin wata mata a Instagram. Idan na ga nauyina ya hau irin haka sai in sha kwana biyu, kilo biyun su tafi. Idan kina so zan tura miki bayaninsa.

Nas_Idi_Araba:
Ƙanwata Amarya, na san da kyakkyawar niyya kika kawo wannan, amma ina roƙon ki dakata da shi, kuma kada Ummu Sadiq ta sha. Yawancin irin waɗannan shayi suna ɗauke da filasko ko wani abu mai sa gudawa ko yawan fitsari. Kilo biyun da kike gani sun tafi ruwan jikinki ne da abin da ke cikin hanji, kitse yana nan inda yake. Abin da ya fi damuna shi ne, idan aka matse ruwa daga jiki ta wannan hanya, jiki yana mayar da martani ta hanyar ƙara fitar da homon da ke riƙe gishiri, sai mace ta daina sha ta ga ta kumbura fiye da da, ta koma ta sake sha, a haka har hanjinta ya saba ba ya aiki sai da shi. Ga kuma zubar sinadarin fotasiyam, wanda ƙarancinsa yake taɓa bugun zuciya. Wadda take shan metfomin tana da ƙarin dalilin gujewa, domin maganin da kansa yana iya sa gudawa, kuma ba a son mai shansa ya rasa ruwa a jiki saboda ƙoda. Haka maganar take ga masu zuwa kemis su sayi Lasix, maganin da ke sa yawan fitsari, ba tare da likita ya rubuta ba don su rage nauyi kafin biki.

Amarya_2020:
Anti Nas, abin da kika faɗa game da kumburi bayan an daina sha yana faruwa da ni, ban taɓa danganta shi da shayin ba. Yaya zan yi in bar shi?

Nas_Idi_Araba:
Idan kin daɗe kina sha, ki je asibiti da kwalinsa a hannu domin likita ya ga abin da aka rubuta a jiki, ya duba jininki idan akwai buƙata. Ki sa rai cewa nauyinki zai ɗan hau na wasu kwanaki bayan kin bari, kada hakan ya mayar da ke gare shi.

Baba_Alaba_Rago:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ina tsoron kada mai karatu ya tafi da fahimtar cewa duk nauyin da ya hau da sauri ruwa ne marar illa. Ƙanena, Allah ya jiƙansa, haka nasa ya fara. Nauyinsa ya riƙa hawa cikin 'yan kwanaki, ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga, ba ya iya kwanciya sai ya tara matasan kai, mu kuwa muna cewa hutu ne ya karɓe shi. Da aka kai shi asibiti aka ce zuciyarsa ce ta gaza, ruwa ya taru a jikinsa. Ruwa ne kamar yadda kuke faɗa, amma ruwan da ya zama ajalinsa. Ina roƙon masu ilimi a cikinku su bambance mana wanda za a yi haƙuri da shi da wanda za a garzaya asibiti.

Nas_Idi_Araba:
Allah ya jiƙansa da rahama, Baba, ya sa ya huta. Maganarka gaskiya ce kuma wajibi ne a faɗe ta. Ga wanda aka san yana da ciwon zuciya, ƙaruwar fiye da kilo biyu cikin kwana uku dalili ne na tuntuɓar likita nan take, ba a jira. Ga kowa da kowa kuma, idan hawan nauyi ya zo tare da haki ko sarƙewar numfashi, musamman a kwance, ko kumburin ƙafa wanda idan aka danna da yatsa gurbin yake zama, ko kumburin fuska tare da raguwar fitsari ko fitsari mai kumfa, to a je asibiti a ranar. Kumburin ƙafa ɗaya mai zafi shi ma na gaggawa ne, domin yana iya zama gudan jini, kuma masu shan ƙwayar tsarin iyali, wadda ake ba masu PCOS da yawa don daidaita al'ada, su fi kowa kula da wannan. Mai juna biyu da ta ga kumburi kwatsam tare da ciwon kai ko dishi-dishin gani kada ta kwana a gida. Ruwan da muke cewa a yi haƙuri da shi shi ne wanda ya zo ba tare da ɗaya daga cikin waɗannan ba, aka san dalilinsa, kuma ya fara sauka cikin 'yan kwanaki. Ummu Sadiq, kina da ko ɗaya daga cikin alamomin nan? An auna hawan jininki kwanan nan?

Ummu_Sadiq_Agege:
Babu ko ɗaya, Anti, sai dai zobena da ya ɗan matse ni jiya. Hawan jinina an auna a watan da ya wuce, an ce lafiya lau.

Maman_Biyu_Ketu:
Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne mako bakwai babu al'ada, ga nauyin ƙirji, ga ɗaurewar mara. Ummu Sadiq, ki sayi abin gwajin ciki ki gwada gobe da fitsarin farko. Mu masu PCOS mun saba da jinkirin al'ada har ba ma kawo ciki a ranmu, alhali rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki yana iya dawo da fitar ƙwai, kuma ke daga 94 zuwa 88 kin riga kin shiga wannan mizani. Ni haka na samu cikin 'yan biyuna bayan shekarun jira, ina tsakiyar rage abinci ban sani ba. Ba cewa nake yi ciki ne ya kawo kilo biyun ba, domin ƙaramin ciki ba ya yin nauyi haka, amma idan akwai shi tsarin abincinki da magungunanki duk sai likita ya sake dubawa.

Dalibar_Likitanci_Lagos:
Na goyi bayan Maman Biyu. Idan gwajin ya nuna babu, alamomin da ta lissafa suna iya nufin cewa ƙwai ya fita kuma al'ada tana tafe. A kwanakin da ke tsakanin fitar ƙwai da zuwan jini, canjin homon yana sa mata da yawa su riƙe ruwa, hanji ma ya rage sauri. Mace mai al'ada a kan kari tana gane wannan ta ce lokacinta ne ya kusa, amma mai PCOS ba ta da kalandar da za ta duba, shi ya sa hawan yake zo mata kamar babu dalili.

Yar_Sabo_Ikorodu:
Ina so in kawo batun zaman Legas kansa, domin ina ganin yana da hannu. Ina fita daga Ikorodu kafin a kira assalatu in kama motar BRT zuwa wurin aiki a cikin Ikko, in dawo bayan isha'i, kuma a ranakun da cunkoso ya yi tsanani nakan shafe awanni a zaune ƙafa a ƙasa. Idan na iso gida sawun safa yana kwance a ƙaurina, kuma idan na kuskura na hau sikeli da dare sai in ga ƙarin fiye da kilo guda a kan na safe. Na lura kuma cewa makon da ban samu barci ba nauyina ba ya sauka ko da ban canja abinci ba. Likitata ta ce rashin barci da damuwa suna ɗaga homon kotisol, suna ƙara yunwa da sha'awar zaƙi, suna kuma dagula aikin insulin. Ummu Sadiq ta ce hidimar biki ta hana ta barci, ga tsayuwa da zirga-zirga cikin zafi, don haka ba abincin kaɗai za a duba ba.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Tun da ana maganar gishiri, kada a manta da kanwa. Muna zuba ta a wake da miyar kuka da ɗanwake, maƙwabtanmu Yarabawa suna sa ta a ewedu, kuma jikata da ta karanci harkar abinci ta ce mini ita ma sodiyam ce kamar gishiri. Mace za ta ce ta rage gishiri alhali ga magi uku a tukunya, ga kanwa, ga yaji a gefe.

Nas_Idi_Araba:
Haka ne, Hajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke cikin magi da burodi da taliyar 'yan yara da kilishi. Sai dai ragewa ake so, kada a daina gaba ɗaya, kuma ɗan da za a yi amfani da shi ya kasance mai sinadarin ayodin, domin tayirod tana buƙatarsa. Daddawa da albasa da citta da tafarnuwa suna ba miya ɗanɗano idan aka rage magi.

Safiyya_Ajegunle:
Akwai abin da mata ba sa son faɗa, amma ya shafi wannan magana. Wasu daga cikinmu sun taɓa shan magungunan sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe kafin aure, wasu kuma suna shafa man bilicin shekara da shekaru, kuma da yawa daga cikin waɗannan suna ɗauke da sitiroyid irin su deksametason. Sitiroyid yana riƙe ruwa, yana kumbura fuska, yana tara kitse a ciki da bayan wuya, yana ɗaga sukari, yana kuma rikita al'ada, har a ɗauka PCOS ce. Ba Ummu Sadiq nake nufi ba, ina faɗa ne domin masu karantawa a ɓoye. Duk wadda take amfani da irin wannan ta sanar da likitanta gaskiya, kuma wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke lokaci ɗaya da kanta, domin yankewa kwatsam yana da haɗari. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku ita ma tana ƙara wa wasu nauyi, amma nata a hankali yake hawa cikin watanni.

Zee_Surulere:
Na dawo kan maganar Hajiya ta ɗinki, domin akwai inda muka haɗu. Awon ƙugu da tef ɗin tela, a daidai tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙasa da saman ƙashin ƙugu, yana nuna kitsen ciki wanda shi ne ya fi alaƙa da matsalar insulin, kuma ba ya yawo kullum kamar lambar sikeli. Ana so awon ƙugun mutum ya kasance ƙasa da rabin tsayinsa. Ni ina yin sa sau biyu a wata tare da lissafin da na ambata. Amma har yanzu ban yarda a ɓoye sikeli ba, musamman bayan abin da Baba ya faɗa, domin wanda ba ya aunawa ba zai ga hawan da ya kamata ya kai shi asibiti ba.

Ummu_Sadiq_Agege:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani yau Alhamis. Na yi gwajin ciki kamar yadda Maman Biyu ta ce, ya nuna babu. Na koma abincina na kullum, na ƙara shan ruwa, ban rage komai fiye da yadda na saba ba. Jiya sikeli ya nuna 89.4, yau kuma 88.8, zoben ma ya saki. Al'ada dai har yanzu shiru, nauyin ƙirjin yana nan. Ina tunanin fara azumin Litinin da Alhamis domin lada da kuma taimakon nauyin, ban sani ba ko ya dace da maganin da nake sha. Ganin likitana na gaba sai ƙarshen wata mai zuwa.

Malam_Mile12:
Alhamdu lillahi. Wannan ya nuna gishirin biki ne da shinkafar, tun da ga shi yana sauka da kansa.

Maman_Biyu_Ketu:
Malam, ban tabbata ba tukuna. Saura kusan kilo guda bai sauka ba, kuma alamomin jikinta suna nan. Ummu Sadiq, idan mako guda ya wuce jini bai zo ba ki maimaita gwajin, domin wadda ba ta san ranar da ƙwanta ya fita ba tana iya gwadawa da wuri ya nuna babu alhali akwai. Ni da zan ba ki shawara, ki jinkirta azumin nafilar har a tabbatar.

Nas_Idi_Araba:
Na yarda da maimaita gwajin. Game da azumi, metfomin shi kaɗai ba kasafai yake faɗar da sukari ƙasa sosai ba, kuma masu shansa da yawa suna azumi ta hanyar mayar da shi lokacin buɗa-baki da sahur, amma likitanki ne zai tsara miki yadda za ki raba shi. Ki sani kuma cewa ranar da kika yi azumi sikeli zai nuna ƙasa, washegari ya nuna sama, don haka hawa da saukar za su ƙaru a littafinki. Abin da ba na so ki yi sakaci da shi shi ne lissafin al'adar. Yanzu kina cikin mako na takwas. Idan ta kai kwana 90 ba ta zo ba kuma babu ciki, kada ki jira ranar da aka ba ki, ki koma asibiti, domin bangon mahaifa yana yin kauri idan aka daɗe ba a yi jini ba, kuma akwai maganin da ake bayarwa don a kare shi. Idan likitan da kike gani ba ƙwararre ba ne a fannin homon ko na mata, ki nemi ya tura ki, akwai su a asibitocin koyarwa na LUTH nan Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, wanda ya fi kusa da ke daga Agege.

Bintu_Obalende:
Idan za ki je, ki tafi da littafin da kike rubuta nauyin a ciki, ki kuma tuna masa maganar maimaita TSH. Kina shan ƙwayoyin gyaran gashi masu ɗauke da bitamin ɗin da ake kira bayotin? Masu PCOS da yawa suna sha saboda zubar gashi, kuma yana iya ɓata sakamakon gwajin tayirod idan ba a dakatar da shi kwana biyu ko fiye kafin a ɗebi jini ba.

Ummu_Sadiq_Agege:
Ina sha kuwa, Anti Bintu, wata ƙawata ce ta kawo mini, kuma likita bai san da shi ba. Zan rubuta shi cikin abubuwan da zan faɗa masa. Hajiya da Zee, har yanzu ban yanke shawara a kan yawan aunawar ba. Zan gwada tsarin Zee zuwa ƙarshen wata in ga ko zuciyata za ta ɗauka, idan na ga yana hana ni sukuni in koma na Hajiya. Zee, a lissafin naki, kina cire ranakun da kika san kin ci abincin biki, ko duka kike haɗawa?